Diyyar ƙasar gado: me ake biya, wa ake biya, kuma a ina lissafin ke karkacewa

Idan gwamnati ta karɓi gonar mutum a Najeriya, ba ta biyansa kuɗin ƙasar. Mutane da yawa ba sa sanin haka sai ranar da aka kira su karɓar kuɗi. Abin da sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ce a biya shi ne abin da mutum ya ɗora a kan ƙasar: gini, rijiya, shinge, itatuwa, da amfanin gonar da ke tsaye a lokacin da aka soke izininsa. Ita ƙasar kanta, tanadin da aka yi mata shi ne a mayar wa mutum kuɗin hayar da ya biya gwamnati a wannan shekarar, in har ya biya. Manomin da ya gaji fadama a Wurno ko Kware ko Silame bai taɓa biyan gwamnati hayar gonar kakansa ba, saboda haka a wannan layi na takardar ƙiyasi babu ko sisi. In kuma masu awo suka zo a watan Maris, bayan an daɗe da kwashe gero da dawa, gonar tudu ba ta da komai sai kututturen kara, kuma a idon doka kusan babu abin biya.

Wannan tsari yana da tarihi. A watan Maris na 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya shaida wa manyan gari cewa ikon da sarakuna ke da shi a kan ƙasa ya koma hannun gwamnatin Ingila, kuma duk inda take buƙatar fili za ta ɗauka. Dokar 1910 ta sanya ƙasar Arewa kacokan ƙarƙashin ikon gwamna, dokar 1962 ta gwamnatin Arewa ta ci gaba da hakan, sannan dokar 1978 ta shimfiɗa tsarin a kan Najeriya duka, aka kuma cusa ta cikin kundin tsarin mulki, inda take a sashe na 315 na kundin 1999, yadda ba a iya taɓa ta sai an bi hanyar gyaran kundin. Tun daga nan abin da mai gona ke riƙe da shi a hukumance izinin zama ne da amfani, ƙasar kuwa amana ce a hannun gwamna. Kafin zuwan Turawa ba haka abin yake ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan mataccen fili, da hurumin gari da na rijiya, wato akwai ƙa'ida a rubuce da ta san raya ƙasa na haifar da haƙƙin da ba a kawar da shi haka nan.

Mutanen wannan yanki sun ga inda gurguwar diyya ke kai jama'a. An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara tsakanin 1974 da 1978, lokacin yankin na cikin Jihar Arewa maso Yamma, daga 1976 kuma tsohuwar Jihar Sakkwato, kuma kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin. Rukuni uku na mutane abin ya shafa, kowane da irin tasa asarar. Na farko waɗanda tafkin ya cinye garuruwansu da fadamunsu, mutum wajen 13,000, aka mayar da su kan tudu mai ƙarancin albarka. Na biyu manoman da gonakinsu suka faɗa cikin filin noman rani: an hana su shuka ana baje ƙasa da haƙa magudanai, wasu damina fiye da ɗaya, an sare itatuwan amfani, an share iyakoki, ta yadda da aka zo mayar da gonaki mutum bai iya nuna inda tasa ta tsaya ba, tunda gawon da tsamiyar da ake shaida da su sun tafi. Na uku su ne mutanen da ke can gangaren gulbi, waɗanda ba a taɓa gonarsu da ko fartanya ba, amma ambaliyar da ke shayar da fadamarsu kowace shekara ta ragu. Shinkafa ta ja baya, noman rani ya ragu saboda ruwan ƙasa ya yi nisa, masunta suka rasa kifi. Waɗannan ba su ma shiga lissafin diyya ba. Manoma suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu na 1980 kuma 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, masu bincike masu zaman kansu suka lissafa sama da 380.

Darasin Bakolori na fasaha ne kafin ya zama na siyasa. An ƙirga abin da ido ke gani a ranar awo, aka bar abin da ke ciyar da mutane shekara da shekaru: ruwan ambaliya, harawa da karan da dabbobi ke ci bayan girbi, mashaya, burtali, kamun kifi, kalwa da kukar da mata ke tarawa, ƙasar da magina ke ɗiba.

Kafin a je ga yadda ya kamata a yi lissafi, akwai tambayar da ke rikita wannan magana a wurinmu: wane ne ɗan asalin ƙasa? A Amurka da Kanada da Ostireliya abin a fili yake, akwai waɗanda aka tarar, akwai baƙin da suka zo daga Turai. A ƙasar Sakkwato tarihi hawa-hawa ne. Gobirawa, Kabawa, Zamfarawa, Adarawa, Fulani, Sulluɓawa, Zabarmawa, kowa na da labarin zuwa da na kaura, garuruwa sun tashi sun faɗi, Alƙalawa kanta ta faɗi a 1808. Duk wanda ya ce sai an koma ga wanda ya fara sare daji, ya buɗe rigimar da ba ta da ƙarshe, kuma zai haɗa talakawa faɗa da juna alhali wanda ya karɓi ƙasar yana gefe. Afirka ta Kudu ta gane haka, shi ya sa dokarta ta mayar da filaye ta 1994 ta ja layi: sai wanda aka raba da ƙasarsa daga ranar 19 ga Yunin 1913, ranar da aka kafa dokar da ta hana baƙar fata mallakar mafi yawan ƙasar. Ma'aunin da zai yi aiki a nan shi ne a tambaya: su wa ke zaune, suna noma, suna kiwo, suna su a wurin ranar da hukuma ta karɓe shi? Da wannan ma'auni Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da sauran mutanen da dokar 1976 ta mayar da ƙasarsu Babban Birnin Tarayya sun shiga, mutum sama da 40,000 da tafkin Kainji ya tayar a ƙarshen shekarun 1960 daga Bussa zuwa ƙasar Yawuri sun shiga, makiyayin da aka yanka makiyayarsa aka raba wa manya shi ma ya shiga.

A matakin duniya an riga an tsara abin da ke zuwa farko. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin al'ummomin asali, ta 13 ga Satumban 2007, ta ce a sashe na 28 a mayar da ƙasar; in hakan ba zai yiwu ba a ba da wata mai daidai inganci da girma da matsayin doka, ko kuɗi, gwargwadon abin da mutanen suka yarda da shi. Najeriya na cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar, kuma sanarwar ba doka ce mai tilastawa ba, don haka lauyan da ya dogara da ita kaɗai a kotun Najeriya ba zai yi nisa ba. Makamin da ya fi kaifi shi ne Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida a 1983. Sashe na 21 nata ya ce al'ummar da aka ƙwace wa dukiya tana da haƙƙin a mayar mata da ita, a kuma biya ta diyyar da ta isa. Wanda ya yi karatun Risala a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba: a fiƙihun Malikiyya wanda ya yi ƙwace abin da ya ƙwata yake mayarwa muddin yana nan, ƙima sai in abin ya halaka, kuma amfanin da ya ci a tsawon lokacin shi ma sai ya biya.

Dalilin da ya sa ƙasa ke gaban kuɗi ya fito sarai a shari'ar ƙabilun Lakota da danginsu a Amurka. Yarjejeniyar 1868 ta tabbatar musu da Baƙaƙen Tsaunuka na Dakota ta Kudu, aka gano zinariya, gwamnati ta ƙwace wurin a 1877. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta ce a biya su sama da dala miliyan 100. Suka ƙi karɓa, domin karɓar kuɗin na nufin sun sayar. Kuɗin na nan ajiye, ya haura dala biliyan ɗaya, kuma mutanen na cikin mafi talauci a ƙasar, amma har yanzu ba su taɓa shi ba. Afirka ta Kudu ta nuna ɗaya fuskar. An shigar da ƙorafi kusan 80,000 kafin wa'adin ƙarshen 1998, mafi yawansu kuma da kuɗi aka sallame su, sau da yawa adadi ɗaya ga kowane gida ba tare da duba ainihin abin da aka rasa ba. Da aka raba tsakanin 'ya'ya da jikoki, abin da ya isa hannun kowa bai sayi fili ba. A takarda an rufe fayil, taswirar mallakar ƙasa kuwa ba ta sauya sosai ba.

To, in ƙasar tana ƙarƙashin ruwa fa, ko an gina birni a kanta? Babu mai hankalin da zai ce a fasa madatsar Goronyo ko a tashi Abuja. Amma tsakanin mayar da ƙasa da miƙa ambulan akwai hanyoyi da yawa. Al'ummar Makuleke ta Afirka ta Kudu, da aka kora a 1969 aka haɗa ƙasarsu da gandun dajin Kruger, sun karɓi takardar mallakar ƙasar bisa yarjejeniyar 1998, da sharaɗin wurin zai ci gaba da zama gandun namun daji, su kuma suna cikin masu gudanarwa, kuɗin masu yawon buɗe ido na shiga asusunsu. In aka kawo wannan tunani gida, mutanen da madatsa ta tayar su ya kamata su fara samun filaye a cikin aikin noman rani, da takarda, kafin wani ɗan kasuwa ko ma'aikaci daga birni. A rubuta musu haƙƙin kamun kifi a tafkin da haƙƙin noma bakin ruwa idan ya janye da rani. A sa wakilansu a teburin da ake yanke ranar sakin ruwa, domin sakin da bai zo kan lokaci ba yana kashe shuka kamar yadda fari ke yi, kuma mutanen gangaren Rima ba su manta ambaliyar 2010 ba. Dokokin Najeriya ma sun fara karɓar ra'ayin rabon amfani mai ɗorewa: dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikin kamfani ga asusun al'ummomin da ake haƙa a ƙasarsu, dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara, a riƙa sabunta ta duk shekara biyar, an kuma kafa hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, wadda Kebbi da Neja ke cikinta. Garuruwan da ke zaune kan farar ƙasar siminti a yankin Wamakko ya kamata su san abin da dokar 2007 ta ba su, su nemi ganin takardar yarjejeniyar da idonsu.

Inda ba makawa sai kuɗi, yadda ake lissafin ne ke raba diyya da sadaka. A ɗauki misali, adadin na kwatance ne kawai. Mutum na da kadada ɗaya a fadama, yana samun buhu 40 na shanshera da damina, da rani ya yi albasa. Jadawalin gwamnati zai biya shi amfanin da ke tsaye, na shekara ɗaya, a farashin da wataƙila an rubuta shi shekaru da suka wuce. Lissafin gaskiya yana da sassa huɗu. Akwai kuɗin sayen wata kadada mai irin wannan ruwa a kusa, haɗe da kuɗin awo da takardu da na shaidu. Akwai ribar da zai rasa, bayan an cire kuɗin iri da taki da ƙwadago, na damina da na rani, a ninka da yawan shekarun da sabuwar gona za ta ɗauka kafin ta kai ta da. Akwai abin da ya kashe a ƙasar: rijiyar burtsatse ta ban ruwa, kunyoyi, takin gargajiya da ya zuba shekara da shekaru. Sai itatuwa, inda aka fi cutar mutane. Mangwaron da ke ba da 'ya'ya ba a biyansa da kuɗin dashe. Ana lissafa abin da yake bayarwa a shekara, a ninka da shekarun da sabon dashe zai yi kafin ya kai haka, a ƙara kuɗin dashen da ban ruwa da kariya daga awaki. Ɗorawa da tsamiya da giginya sun fi mangwaro jinkiri nesa ba kusa ba, don haka adadinsu ya fi, ko da yake jadawali kan yi musu kuɗin itacen wuta.

Gini ma haka. Dokar 1978 ta ce a ƙiyasta kuɗin sake gini sannan a cire tsufa. Gidan ƙasa mai shekara 30, in aka cire masa tsufa, abin da ya rage ba zai gina ɗaki biyu ba, alhali mai gidan ba sayarwa ya yi niyya ba. Ƙa'idojin Bankin Duniya sun hana wannan cirewa: cikakken kuɗin sake ginawa, a biya kafin a tashi mutum, a fifita ba manomi ƙasa a madadin ƙasa, wanda ba shi da takarda ma a taimaka masa ya koma kan ƙafafunsa. Saboda haka tambayar farko da al'umma za ta yi idan aiki ya zo ita ce: da kuɗin wa ake yin sa? In akwai bashin Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka a ciki, gwamnati ta sa hannu kan ƙa'idojin da suka fi dokarta sauƙi ga talaka, akwai takardar shirin sake tsugunarwa da dole a bayyana ta ga jama'a, akwai kuma ofishin ƙorafi na bankin da ake iya rubuta wa kai tsaye.

Jinkiri kuma wata ƙwace ce ta biyu. Wanda aka yi wa ƙiyasi a farkon 2023, lokacin dala na wajen naira 460 a farashin hukuma, aka biya shi a 2024 bayan ta haura 1,500, an biya shi kaso ne kawai na abin da aka rubuta. Babbar Kotun Ostireliya, a shari'ar Timber Creek ta 2019 da 'yan asalin ƙasar suka shigar, ta raba diyyar fili mai kadada 127 gida uku: asarar tattalin arziki dalar ƙasar 320,250, kuɗin jinkiri 910,100, sai asarar al'ada da alaƙar mutane da wuraren da suke girmamawa miliyan 1.3. Kuɗin jinkirin ya kusa ninka uwar kuɗin sau uku. A nan mutane da yawa ba za su karɓi abin da aka kira kuɗin ruwa ba, kuma suna da hujjarsu. Mafita ita ce a rubuta cikin yarjejeniya cewa za a sake ƙiyasi da farashin ranar biya, ko a ɗaure adadin da buhunan hatsi da na siminti maimakon naira. Shi kuwa kaso na uku, a wurinmu maƙabarta ce da masallacin Juma'a da filin idi da kufan kakanni. Yawancin mutane ba kuɗi suke so a kansu ba. So suke a kauce musu, ko a kewaye su a bar hanyar ziyara, kuma wannan a matakin zanen aiki ake nemansa, kafin injin ya iso.

Ko lissafi ya yi daidai, rajista na iya rusa shi. Ana sa ranar rufe ƙirga, duk abin da aka gina ko aka dasa bayanta ba a biya, kuma dalili a fili yake: da zarar labarin aiki ya fita, sai bukkoki su tsiro dare ɗaya, a cika gonaki da dashen da bai yi sati ba, masu kuɗin da suka ji labari tun daga ofis su saye gonakin talakawa da araha. Amma in ba a yi shelar ranar sosai ba, mai gaskiya ne ke faɗuwa. Wanda ya tafi cin rani Legas ko Fatakwal ba ya nan ranar awo. Makiyayin da ke sauka a fadamar bayan girbi yana wani wuri da damina. Matar da ke noma gayaunarta a cikin gandun miji, sunan mijin ake rubutawa. Gonar da ke hannun mai aro ko mai haya ko mai jingina tana da masu haƙƙi biyu: ƙasa ta mai ita ce, amfanin da ke kai na wanda ya noma ne, mai jingina kuma yana bin kuɗinsa. In ba a raba waɗannan a takarda ba, rigimar da ta kamata a yi da hukuma sai ta koma cikin gida. A tsohuwar ƙwace kuwa, gonar mutum ɗaya ta 1978 yau tana iya samun magada hamsin, don haka sai an bi ta kotun shari'a an fitar da rabon gado, mata da marayu a ciki, kafin kuɗi ya fito. Maganin sunayen bogi ba boyayye ba ne: a karanta rajistar da babbar murya a ƙofar hakimi da bayan sallar Juma'a da ranar kasuwa, a liƙa ta da boko da ajami, a ba da makonni na gyara, kowane fili a ɗauki hotonsa da mai shi da maƙwabtansa na iyaka a tsaye, kuɗi kuma ya shiga asusun bankin mutum kai tsaye.

Sai abin da yake na kowa da kowa: hurumi, makiyaya, tafki, daji. Dokar 1978 ta ba gwamna zaɓi ya biya al'umma, ko ya ba shugabanta ya sarrafa bisa al'ada, ko ya zuba a wani asusu. Akwai uwayen ƙasa da hakimai masu riƙon amana, amma tsarin da ya dogara ga halin mutum ɗaya ba tsari ba ne, kuma basaraken da gwamnati ke iya tuɓewa yana cikin tsaka mai wuya idan gwamnatin ce ake bi bashi. A nan ne ƙasar Niyu Zilan ta fi kowa tsari. Kotun sauraron koke-koken Mawori, 'yan asalin ƙasar, da aka kafa a 1975, aka ba ta ikon komawa har 1840 a shekarar 1985, tana tattara tarihin ƙwacen a rubuce. Sulhun da ke biyo baya yana ɗauke da amincewa da laifi da neman gafara a cikin doka, da mayar da wurare masu daraja, da dukiya. Ƙabilun Waikato-Tainui a 1995 da Ngai Tahu a 1998 kowannensu ya sami abin da ya kai dalar ƙasar miliyan 170, kaɗan ƙwarai in aka gwada da ƙasar da suka rasa. Amma ba a sakin ko sisi sai 'yan ƙabilar sun kaɗa ƙuri'a sun amince da sulhun da kuma hukumar amintattun da za ta riƙe dukiyar, an kuma ba su haƙƙin a fara yi musu tayi duk lokacin da gwamnati za ta sayar da wani fili a yankinsu. Tainui sun yi asara a wasu jarin farko kafin su gyara, dukiyar ƙabilun biyu kuma yau ta haura biliyan. Abin da za a iya yi a nan shi ne al'umma ta yi rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, da zaɓe mai wa'adi, da kujerun mata da makiyaya da masunta, da sa hannun mutum uku kafin a cire kuɗi, da karanta lissafi a bainar jama'a duk shekara. Filin da aka mayar wa gari kuma ana iya tsare shi ta hanyar waƙafi, tunda Jihar Sakkwato na da Hukumar Zakka da Waƙafi, don kada a wayi gari an yanka shi fuloti-fuloti.

Duk wannan sai da hujja. Kotun Ƙolin Najeriya, a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da haƙƙi a kan ƙasa, kuma takarda ɗaya ce kawai daga ciki; tarihin baka na gado, da daɗewa ana amfani da wurin, da mallakar filin da ke maƙwabtaka duk hujjoji ne. Kanada sai a 1997 kotunta ta ƙoli ta ba tarihin baka irin wannan matsayi. Matsalar ita ce dattawan da suka san iyakoki suna ƙarewa. Aikin da ya fi gaggawa ga duk garin da ke da tsohon koke shi ne a ɗauki muryarsu da hotonsu suna nuna wuraren, a zagaya iyaka da wayar da ke nuna ma'aunin wuri, a tattara tsoffin rasit na haraji da jangali da takardun sayen gona na ajami, a nemi rahotannin gundumomi na zamanin Turawa a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a nan Sakkwato. Tsoffin hotunan sama da na tauraron ɗan adam suna nuna gonaki da gidaje kafin a share su. A kuma riƙa rubuta koke ana karɓar kwafi mai hatimi, domin dokokin wa'adin ƙara suna kashe haƙƙin da aka daɗe ba a nema ba, haka ma hukuncin hauzi, wato daɗewar abu a hannun mai riƙe da shi, a Malikiyya yana raunana da'awar wanda ya yi shiru shekara goma yana gani ba tare da wani abin da ya hana shi magana ba.

A kotu, ƙofofi biyu suka fi buɗuwa. Ta farko ita ce ingancin ƙwacen kansa: sashe na 28 na dokar 1978 ya yarda a soke izini ne don maslahar jama'a, da sanarwa a rubuce da ta isa hannun mai haƙƙi, kuma Kotun Ƙoli ta rushe sokewar da ba a bi waɗannan ba, musamman inda aka karɓe daga wani aka miƙa wa wani don amfanin kansa. Ta biyu ita ce adadin kuɗin. Sashe na 47 na dokar ya ce kotu ba ta da hurumin duba ko diyya ta isa, amma sashe na 44 na kundin tsarin mulki ya ba mutum haƙƙin a biya shi ba tare da jinkiri ba da haƙƙin zuwa kotu kan adadin, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta taɓa fifita kundin a kan wannan hani. Akwai kuma kotun ECOWAS a Abuja, wadda ba ta sharɗanta sai an gama da kotunan gida. Sai dai cin shari'a daban, karɓar haƙƙi daban. Al'ummar Endorois ta Kenya, da aka kora daga gaɓar tafkin Bogoria a shekarun 1970, ta yi nasara a Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, Tarayyar Afirka ta amince da hukuncin a 2010, amma mafi yawansa bai tabbata ba. Ogiek na dajin Mau sun ci shari'a a Kotun Afirka da ke Arusha a 2017, a 2022 kotun ta ce a biya su shilin miliyan 157 da dubu 850 a kuma ba su takardar mallakar ƙasarsu ta bai ɗaya, amma a ƙarshen 2023 aka sake rushe gidajen wasunsu. Hukunci ƙarfin ciniki yake bayarwa, shi ya sa al'ummar da ta shiga kotu bai kamata ta rufe ƙofar tattaunawa ba.

Ga garuruwan da sabbin ayyuka ke tunkara, irin babbar hanyar da aka fara daga Illela zuwa Badagry, lokacin da ake da ƙarfi shi ne kafin a sa hannu. Al'umma na da damar ɗaukar nata mai ƙiyasin kadara mai lasisi ya bi masu awon gwamnati fili-fili, amma a rubuta kason da zai ɗauka tun farko, kuma kada a ba shi wakilcin karɓar kuɗi a madadin mutane. Kowa ya karɓi kwafin takardar ƙirgarsa a ranar, da adadin itatuwa da girman fili a rubuce. Wanda aka yi wa tayin gida ko fili a madadin kuɗi ya duba sashe na 33 na dokar 1978: in aka ƙiyasta sabon wurin ya fi tsohon daraja, ana iya mayar da bambancin bashi a kansa, kuma karɓar wurin na rufe maganar wata diyya. A je a ga sabon wurin da rani da damina, a haƙa a ga zurfin ruwa, a tambayi mutanen da ke kusa ko suna da da'awa a kansa, domin sau da yawa filin da hukuma ta kira fanko makiyayar wasu ce. Takardar karɓar kuɗi kuma a sa wanda aka yarda da shi ya karanta ta da Hausa kafin a dangwala yatsa. In tana cewa wannan ne biya cikakke na ƙarshe alhali akwai sauran abin da ba a ƙirga ba, a rubuta ƙorafin a jikinta, ko a shigar da shi a rubuce ga kwamitin rabon filaye na jiha da sashe na 30 ya ɗora wa sauraron saɓani kan adadi, a riƙe kwafi mai kwanan wata.